SHARHI: Wa ke da alhakin lungun unguwa a Ƙonni, Malbaza da Illela?

A daminar 2024 Jamhuriyar Nijar ta ga ambaliyar da ta daɗe ba ta ga irinta ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna kusan mutum 400 ne suka rasa rayukansu, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa, har sai da aka ɗage komawa makaranta daga farkon watan Oktoba zuwa 28 ga watan. Jihar Tawa na cikin waɗanda suka ji jiki. A wannan shekarar ce kuma cutar amai da gudawa ta sake ɓulla a jihar, kamar yadda ta yi a 2021, kuma yankin Ƙonni na cikin wuraren da ta taɓa.

Ruwan sama ba ya hannun kowa. Amma hanyar da ruwan zai bi idan ya sauka cikin gari, wannan tana hannun mutane. Kwatar da leda ta toshe, da katangar da aka gina a kan hanyar ruwa, da filin da aka kewaye aka bari ya zama juji, duka aikin hannu ne. Tambayar da ke gaban garuruwa irin su Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ita ce: wa zai kafa ƙa'idar zaman unguwa, wa zai bi ta, kuma wa zai hukunta wanda ya taka ta?

Garuruwan da suka girma fiye da tsarinsu

Birnin Ƙonni na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Maraɗi da Damagaram, kuma yana fuskantar Illelar jihar Sakkwato ta Najeriya. A ƙidayar 2012 an samu sama da mutum 63,000 a cikin garin. A wannan ƙidayar ce aka gano al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato adadin kan ninka cikin ƙasa da shekara ashirin. Garin kan iyaka mai kasuwa da tashar manyan motoci kuwa ba haihuwa kaɗai ke cika shi ba, har da baƙi masu shigowa neman abinci.

Malbaza ta tashi ne a gindin kamfanin siminti da ke can tun shekarun 1960, ta kuma zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Ƙonni. A cikin gundumar ne Galmi take, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. Illelar Adar kuwa, fadar Sarkin Adar, tsohon gari ne da kuɗin 'yan ci-rani ke sauya masa fuska, haka ma Badagishiri da ke kan hanyar Tawa.

Abin da ya haɗa su shi ne gidaje na riga magudanan ruwa zuwa. Ana yanka filaye a sayar, mai hali ya zuba siminti, marar hali ya yi ginin ƙasa, kowa ya tsaya a bakin ƙofarsa. Tsakanin ƙofar gida da bakin kwalta akwai fili mai faɗin 'yan taku wanda kowa ke amfani da shi, ba wanda ya ɗauke shi nasa. Nan ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwanciya, nan ake ɗaure dabbobi, nan ake jibge yashin gini ya yi watanni. Wanda ya ɗaga ƙofar gidansa da ciko don ya tsira, ruwan da ya kora gidan maƙwabcinsa na ƙasa zai shiga.

Doka na nan, mai zartar da ita ne ya yi ƙaranci

Nijar ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Tun ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsaftar jama'a. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ɗora wa ma'aikatun magajin gari alhakin tsaftar gari da kwashe shara da kula da hanyoyin cikin gari. A ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda marar kauri. Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni ko ta Badagishiri ranar da take ci ya san inda wannan hanin ya kwana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aikatar magajin gari na rayuwa ne da harajin kasuwa da na tasha da ɗan abin da ake karɓa a hannun magidanta, sai kuma kuɗin sayar da filaye. Kuɗin filaye na shigowa sau ɗaya, amma unguwar da aka yanka za ta buƙaci kwasar shara har abada. Ga Ƙonni kuma akwai ƙarin rauni: rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da zirga-zirgar kaya a hukumance har zuwa Maris 2024, kuma garin da ke ci daga iyaka shi ne farkon wanda ke jin yunwa idan an rufe ta.

A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disamba 2020, suka naɗa kantomomi a madadinsu. Masu goyon bayan matakin na cewa kantoma ba ya tsoron rasa ƙuri'a, don haka zai iya rushe ginin da ya tare hanyar ruwa ba tare da duba fuskar mai shi ba. Masu suka kuma na nuni da cewa kansilan unguwa, duk da rauninsa, mutum ne da ake iya tarewa a wurin suna ko jana'iza a yi masa ƙorafi. Ko wanne ɓangare ya fi gaskiya, abu ɗaya ya tabbata: yanzu tsakanin magidanci da hukuma mai unguwa ne ya rage, kuma mai unguwa ba shi da motar shara.

Abin da aka gada

Aikin gayya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma yana da ƙa'idarsa ko da ba a rubuce take ba: wanda bai fito gayyar wani ba, ranar tasa zai tsaya shi kaɗai. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta farfaɗo da Samariya ta mai da ita hannunta a unguwanni da ƙauyuka. Samariya ta gina azuzuwa, ta share gari, ta dasa itatuwa. Dattawa da dama na tuna lokacin da kewa. Sai dai ƙarfin Samariya daga sama ya zo, shi ya sa da tsarin siyasar da ya riƙe ta ya kau a farkon shekarun 1990, ita ma ta bi shi.

Gurbinta fadodin matasa suka cike, wato majalisun shayi da ke kusan kowane lungu a biranen Nijar. Fada da dama kan ɗauki shebur da baro su yashe kwata idan damina ta ƙarato, wasu kuma su yi gadin dare. Aikin na da amfani, amma na rana ɗaya ne. Ana yashe kwata ranar Lahadi, a tara dattin a bakinta, ba a samu amalanken da zai kwashe ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Matasan kuma mafi yawansu ba su da gida a unguwar, ba su da ikon ce wa mai gida ya janye bututun da ke zubar da ruwan masai a titi.

A nan bambancin gayya da ƙa'ida yake. Gayya na gyara abin da ya riga ya ɓaci. Ƙa'ida ita ke hana shi sake ɓaci washegari.

Darasin da ke bayan gari

Ba sai mutanen Ƙonni sun je nesa neman misali ba. A gefen garin akwai filin noman rani mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Maggiya. Dubban manoma ke aiki a cikinsa ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Tsarin ya ginu ne a kan ƙa'ida: kowa da ranar ban ruwansa, kowa zai biya kuɗin ruwa bayan girbi, kowa zai yashe ɗan magudanar da ke gefen gonarsa, wanda ya ƙi biya kuma yana iya rasa filin.

Tarihin wurin ya nuna fuska biyu. Da biyan kuɗi ya yi rauni, gyara ya tsaya, magudanai suka tsattsage, yashi ya cike madatsun, filin da ake iya nomawa da rani ya ragu sosai. Sai da aka jira yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016 kafin aka samu kuɗin sake gyara shi. A cikin aikin ne aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka raba aikin kula da magudanai da aikin sayen taki da sayar da amfanin gona, don kada kuɗin gyara ya riƙa narkewa a wata hidimar.

Kwatar unguwa da magudanar gona abu ɗaya ne a wannan fuska. Wanda ke sama idan ya yi sakaci, na ƙasa ne ke kwana a ciki. Bambancin kawai shi ne manomi na ganin asararsa a buhu, magidanci kuma yana ganin tasa a kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro da katangar da ta faɗi, ba ya kuma danganta su da ledar da yaransa suka zuba a kwata.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

'Yan Nijar mazauna Amurka sun san ƙungiyoyin masu gidaje. Akwai irinsu sama da 350,000 a ƙasar, kuma mutum fiye da miliyan 70 ke zaune a ƙarƙashinsu. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, domin sharaɗin na cikin takardar gidan. Yana biyan kuɗi duk wata, yana bin ƙa'ida kan shara da ciyawa da wurin ajiye mota. Unguwannin kan kasance tsaf, amma ƙorafi a kansu ba ya ƙarewa: tara kan launin fenti, shugabannin da suka mai da kujera abin taƙama, kuma a jihohi da dama ƙungiya na iya kai wa ga sayar da gidan mutum saboda bashin kuɗin wata. A Faransa dokar 10 ga Yuli 1965 ce ke tsara zaman masu gidaje a bene ɗaya, da taron shekara da lissafin kuɗi a rubuce.

A Ruwanda ana fita aikin gayya na Umuganda a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, akwai tara ga wanda ya ƙi fita, kuma hanin leda da aka yi a 2008 ya kama sosai. Kano ma na da tsaftar ƙarshen wata, inda ake taƙaita zirga-zirga da safe. Legas ta daɗe tana yin haka, har wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2015 cewa hana mutane fita ba shi da tushe a doka, gwamnatin jihar ta soke shirin a 2016.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ɗauko ɗungurungum a dasa a Adar. Tsarin Amurka ya dogara ne da takardun mallaka da kotunan da ke aiki da sauri, alhali gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Ƙonni da Illela na gado ne, masu su da yawa, takardarsu kuwa shaidar dattawa ce. Na Ruwanda ya dogara da ƙarfin hukuma da ya kai har ƙofar gida. Abin ɗauka daga cikinsu shi ne ƙa'ida a rubuce, kuɗi ƙayyadadde, da lissafin da kowa zai iya gani.

Ƙa'idar da za ta iya rayuwa

Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta ba 'yan Nijar damar kafa ƙungiya su yi mata rajista. Don haka mazauna unguwa na iya zama a ƙofar mai unguwa su amince da 'yan sharuɗɗa, su kai wa ma'aikatar magajin gari ta sa hannu. Tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa a rubuta su da harshen da rabin masu gidajen ba sa karantawa.

Sharuɗɗan ba sa buƙatar yawa. Kowane gida ya haƙa ramin da ruwan wanka zai shiga a maimakon sakin sa a titi. Kada a zuba shara a kwata. Kada a yi ciko ko gini a hanyar ruwa sai da sanin maƙwabta da hukuma. Kayan gini su sami wa'adin zama a kan hanya. Mai filin da ba a gina ba ya share shi kafin damina ko ya biya a share masa. Ƙa'idar da ta wuce nan ta fara shiga launin ƙofa ko irin baƙin da mutum zai saukar, ta bar tsafta ta koma shisshigi.

Batun kuɗi ma lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka unguwa na da gida 200, kowanne ya ba da dala ɗari, wato sefa 500, a wata. An tara jaka ɗari ke nan. Wannan zai iya riƙe masu amalanke su riƙa zagayawa a kai a kai, ya bar ɗan abin sayen shebur da gyaran kwalbati. Mutanen da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba a ci kuɗin kowa ba, ba za a ce musu ba su iya tara kuɗi ba. Abin da ke kashe irin wannan asusu shi ne ranar da aka tambayi ma'aji lissafi ya ce a yi masa uzuri. Shi ya sa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata ya fi kowace tara muhimmanci.

Akwai kuma iyakar da ƙungiya ba za ta tsallaka ba. Tana iya kwaso shara daga gidaje, amma ba ta da hurumin ware filin jibge ta a bayan gari, ba ta da kuɗin gina babbar magudana, ba ta da ikon rushe ginin kowa. Waɗannan aikin hukuma ne. Idan ma'aikatar magajin gari ta ɗauki ƙungiyoyin unguwa a matsayin hanyar sauke nauyinta, magidanci zai ga yana biya sau biyu, kuma da gaskiyarsa idan ya daina.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce wa zai zauna a taron. Mata ne ke share gida, su ke sanin inda ruwa ke kwanciya, 'ya'yansu ake aika zubar da shara, amma a al'ada maza ne ke zama a ƙofar mai unguwa. Ƙa'idar da aka yanke ba da su ba, a takarda za ta tsaya. Haka ma 'yan haya, waɗanda ke da yawa a Ƙonni da Malbaza saboda ma'aikata da 'yan kasuwa: idan za a karɓi kuɗinsu, dole a ji ta bakinsu, haƙa ramin ruwa kuma ya zama a wuyan mai gida.

Ta biyu ita ce adalci wajen hukunci. Idan aka ci tarar mai sayar da ƙosai saboda toka, aka kau da kai daga Alhajin da shagunansa suka hau kan kwata, ƙa'idar ta mutu a ranar. Gwauruwar da ke riƙe da marayu da tsohon da ba shi da mai taimako kuma suna buƙatar sassauci da aka amince da shi tun farko, ko a bar su su biya da aikin hannu. Sannan tilas a tsare iyaka tsakanin matasan da ke tunatarwa da matasan da ke ɗaukar doka a hannu. Tara aikin hukuma ce, da rasit.

Ta uku ta shafi 'yan ci-rani kai tsaye. Adar ta yi suna wajen tafiya neman kuɗi, daga Abijan zuwa Legas, daga Libiya zuwa Aljeriya. Burin kowa shi ne ya sayi fili a gida. Da yawa daga cikin filayen nan ana kewaye su da bulo ne a bar su shekaru, su zama matattarar shara da ruwa da sauro, mai su yana can bai sani ba. Wanda ke iya turo kuɗin siminti ta waya yana iya turo dala ɗari ta wata, ya kuma wakilta ɗan'uwa ya zauna masa a taro. Ribar tasa ce: fili a unguwar da ruwa ke ci duk shekara ba ya daraja, ginin da aka kashe wa gumin shekara goma kuma ba ya jure ruwa kwance a gindinsa. Zaurukan WhatsApp na 'yan gari, da ake tara gudummawar biki da ta rasuwa a cikinsu, sun isa su ɗauki hoton lissafin asusun unguwa duk ƙarshen wata.

Watannin rani su ne lokacin wannan aiki, tun kwata na bushe, tun amalanke na iya shiga lungu. Idan hadarin farko ya haɗo a watan Yuni, zancen ya tashi daga ƙa'ida ya koma neman buhunan yashi da ajin makarantar da za a kwana. Hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela na da aikin ware wuraren zubar da shara da buɗe hanyoyin ruwan da aka tare, masu unguwanni na da aikin kiran taro, magidanta na gida da na waje kuma su amince su bi abin da suka sa wa hannu, ko da ranar da ƙa'idar ta faɗo a kan katangarsu ce.